Daƙiƙa Talatin

Ƙarfe ɗaya na dare, Birni ya yi tsit,
duwatsu na amayar da zafin da suka sha da rana.
Kuran ya dawo. Na buɗe kwamfuta
kamar mai duba tukunyar da ya manta a kan murhu.

Mujalla ta aiko sharuɗɗanta, shafi huɗu.
Hoto ya cika ɗigo ɗari uku a kowane inci,
rubutun cikinsa kada ya gaza ƙwayar gero,
ja da kore kada su haɗu,
wai akwai idon da ba ya raba su.
To, na ji. Na mai da ja shuɗi.
Rijiyoyin da suka ƙafe yanzu shuɗi ne a taswira,
launin ruwa.
Na yi dariya ni kaɗai har gyare ya yi shiru.

Hoto na biyu layi ne mai gangarowa.
Shekara bakwai ina zura igiyar awo
a rijiya arba'in da ɗaya, daga Gafati zuwa Drum,
babur ya kayar da ni sau uku cikin rairayi,
duka ga shi nan, zare guda,
faɗin santimita takwas da rabi, don ya shiga gefen shafi.
Da mita suke son lissafi.
Baba Kanta da gaba yake awo.
"Ran da na haƙa ta, gaba tara," in ji shi,
"yau sha shida, guga kuma da laka yake dawowa."
Na duba jadawalinsu sama da ƙasa,
babu gurbin gaba,
babu gurbin Kanta.

Sai bidiyo.
Daƙiƙa talatin, mega goma, ba ƙari.
Nawa kuwa minti goma sha ɗaya ne.
Cima da ƴarta sun kama igiya,
suna ja da baya, suna ja,
suka wuce gawo, suka fice daga hoton,
guga bai leƙo baki ba.
Tsawon nan ai shi ne maganar.
Ta ina ake yanke jira ya zama jira har yanzu?

Na dai yanke.
Na cire gaisuwa, na cire "ina gajiya",
na cire inda ta tofa yawu a tafinta,
na cire akuyar da ta zo kallon kyamara.
An ce fuska sai da takardar izini.
Takarda na nan, da dangwalen babban yatsanta,
amma ta ce mini, "In har ƙasar waje za a gani,
tsaya in sake zane."
Ban tsaya ba. Rana na faɗuwa, batir na mutuwa.
Bashin nan yau ya biyo ni,
sai na datse hoton daga wuya.
Saura hannu huɗu da igiya,
da kukan icen bakin rijiya
wanda igiya ta ci har ya yi haƙora.

Bayani a ƙasa, kalma ashirin da biyar.
Na rubuta "wahala", na goge,
mai bita zai ce a kawo ma'auninta.
Na rubuta: "Jan ruwa, watan Afrilu, zurfin mita ashirin da tara."

Na danna tura.
Kashi goma. Kashi talatin da bakwai.
Na ɗaga waya saitin taga kamar mai roƙon hadari.
Sittin da biyu, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

An kira assalatu a Zango.
Ƴan garuwa sun fara gungura kura a lungu,
jarkoki na karo da juna, wayam.
Na murɗa famfon tsakar gida,
ya ja dogon numfashi, ya yi tari, ya yi shiru.
Na bar kwamfuta a kan sittin da biyu,
na ɗauki jarka biyu, na bi layi.
Matar da ke gabana ta juyo:
"Malama, har yanzu karatun ruwan ne?"
Na ce, "Har yanzu."
Ta matsa mini wuri.